Gadon da Kafinta Ya Kasa Haɗawa

Talata, da la'asar

Zuwa ga matata, Maman Lauya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan za ta same ki da sauƙi. Yaya ƙarfin jiki, yaya wurin ɗinkin? Jaririya tana kama nono kuwa? Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ta daina tsayuwa a ƙofar gida tana leƙen mota, ba yau za mu dawo ba.

Na san da kunnenki yana ɗaukar magana a waya, da tuni kin cika ni da tambayoyi. Tunda ba ya ɗauka, zan riƙa rubutowa ina ba Direba mai motar garinmu ya kawo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, da fensirin aiki nake yi, a kan gwiwata.

Mun iso jiya da hantsi. Lauya ta sauko daga mota da ƙafarta, amma taku biyar ta yi ta ce ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinta, sai na goya ta. Ta ce in sauke ta, ita 'yar shekara goma sha uku ce, mutane suna kallo. Na ce su kalla. Ta yi ta kawo hujjoji har muka kai ƙofa. Wanda ya laƙaba wa yarinyar nan Lauya bai yi kuskure ba.

Asibitin nan gari guda ne, kuma yawancin ma'aikatansa ba sa jin Hausa, sai Turanci. Kin san iyakar Turancina, kalmomin nan uku da mai fenti ya rubuta mini a allon shago: ta gado, da ta kujera, da ta tebur. To ta farkon ce ta tare ni. Matar da ke karɓar marasa lafiya ta duba takardar da likitanmu ya rubuto, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "No bed." Ban jira Lauya ta fassara ba. Babu gado.

Abin da ya ɗaure mini kai, a barandar da muke tsaye ga gadajen ƙarfe har huɗu an jingine a bango, ba kowa a kai. Na je na girgiza ɗaya, ƙafa guda ce kawai ta saki, aikin minti goma. Na dawo na ce wa Lauya ta gaya wa matar ni kafinta ne, shekara ashirin da biyu ina haɗa gado, in dai gado ne matsalar a ba ni wuri da katako, kafin magariba zan miƙa musu. Lauya ta ce, "Baba, don Allah kada ka sa ni faɗin wannan." Na ce sai ta faɗa. Ta faɗa. Matar ta yi dariya, na bayanmu a layi suka yi, har mai gadi. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na ji ta har cikin ƙashina.

Daga baya wata nas, doguwa, mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, ta ja ni gefe. Ta ce a nan in an ce "bed" ba abin kwanciyar ake nufi ba, gurbi ake nufi: nas ɗin da za ta kula da kai, da bututun iska a bango, da sunanka a allo. Ƙarfe da katifa suna da su har sun yi yawa, hannun da zai tsaya a kan mutum ne babu. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba.

A baranda muka kwana. Yau da safe aka sallami wata, aka ba Lauya gado na bakwai a ɗakin mata. Tun daga nan ba wanda ya ƙara tambayar sunanta. Mai magani ya ce "bed seven", mai abinci ya ce "bed seven". Ta ce in gaya miki an raɗa mata sabon suna ba a ko gayyace ki ba.

An ɗauki hoton bayanta a cikin wani inji mai kama da rami. Babban likita, wani siriri mai furfura da ko "sannu" bai iya ba, ya nuna mana wani ƙari kamar kan ɗan yatsa, yana danne lakar da ke cikin ƙashin bayanta. Shi ya sa ƙafafun suke mutuwa. Ya ce zai iya cire shi. Sai dai bayan aikin dole ta yi kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman, wanda ke da injinan numfashi, kuma ba zai taɓa ta ba sai an sami gurbi a can. Gadaje shida ne a ɗakin, duk da mutane a kai. Kin ga mun sami gado ɗaya, muna neman na biyu.

Duk wannan Lauya ce ta fassara mini. Ita ce kunnena, ita ce bakina a nan.

Kada ki ɗaga abu mai nauyi. Ki ce wa ƙanena ya rufe katakon da ke bayan shago, kada ruwa ya taɓa shi. Allah ya ƙara miki lafiya.

Mijinki,
Kafinta


Juma'a, bayan azahar

Maman Lauya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin da kika ce kin ji ya sauka, kuma jaririya da Inna suna lafiya. Direba ya kawo takardarki da rigar sanyin. Lauya ta sa ta tun jiya, duk da zafin da ake yi ta ƙi cirewa.

Na yi ta juya abin da zan rubuta miki yau. Sau biyu ina yaga takarda. Amma ban taɓa ɓoye miki abu ba, ba zan fara a kan 'yarki ba.

Kullum da safe babban likita yana zuwa da ɗalibansa. Yana ɗaukar allura ya riƙa tsira mata daga yatsun ƙafa yana hawa sama, inda ta ce ta ji sai ya ja layi da biro a fatarta. Ran Talata layin yana idon sawu. Yau yana ƙasan gwiwa kaɗan. Bayan sun fita na zaro tef ɗina na auna tsakanin layin farko da na yau, inci takwas. A kwana uku.

Shekaranjiya har dariya muka yi. Likita ya danna farcen babban yatsanta ya faɗi wata magana, Lauya ta ce wai ya ce "nail bed", in an bi kalma-kalma gadon ƙusa ke nan, amma naman da ke ƙarƙashin farce yake nufi. Ta ce, "Baba, ka ga sana'arka ta biyo ka har cikin yatsana."

Yau ba a yi dariya ba. Da ya ja layin, ya tsaya ya yi doguwar magana, yana kallona. Lauya ta juyo ta ce, "Ya ce mu ƙara haƙuri, gado zai samu." Maganar da ta kai minti biyu, ita ce ta koma kalma takwas. Ni kuwa na ji wata kalma da ta fara da "bed" har sau biyu, da wata jela a bayanta, kuma duk lokacin da ya faɗe ta ɗaliban sai su kalli ƙasa. Na juya baya na rubuta ta a tafin hannuna yadda kunnena ya ji: bediridin.

Nas Doguwa ba ta aiki yau. Na fita ina neman wanda zan nuna wa, na rasa, na ƙare a wani ɗan lambu da ke bayan ginin. Na zauna a kan bulon da aka kewaye furanni da shi. Sai na ji an ce da Hausa garau, "Malam, tashi daga nan kafin mai lambu ya gan ka, ba ka ga allo ba?" Wata dattijuwa ce a kan benci, da tabarau, da filas na shayi a gefenta. Na ce ban iya karanta allon ba, kalma ɗaya na gane, kuma ban ga gado a wurin ba. Ta yi murmushi ta ce shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya, kuma kowace shekara sai yara sun yi mata wannan tambayar. Ta ce masu harshen duk inda abu ya kwanta gado suke ce masa. Inda aka shuka furanni gado ne, ƙasan kogi inda ruwa ke bi gado ne, har bayan babbar mota inda ake shimfiɗa kaya. Ta matsa mini na zauna, ta zuba mini shayi a murfin filas.

Na buɗe mata tafin hannuna. Ta karanta, ta sake karantawa, murmushin ya ɗauke. Ta ce wa ya faɗa, kuma a kan wa? Na gaya mata. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Ana faɗin haka ga mutumin da ya kwanta ba zai ƙara tashi da ƙafarsa ba. Amma kada mu yanke hukunci da kalma ɗaya. Tashi mu je mu ji sauran."

Ita ta kai ni ofishin likitan, ta tsaya ta fassara mini komai ba ragi. Ya ce duk kwanan da ya wuce lakar tana ƙara mutuwa, kuma abin da ya mutu ba lallai ya dawo ba. In aka wuce mako guda, ko kwana goma, ko an cire ƙarin ba ya jin za ta ƙara takawa. Ya ce sunanta ne na farko a jerin masu jira. Ya ce shi ma jiran yake yi.

A hanyar dawowa na tambayi Malama wa take jinya. Ta ce mijinta, shanyewar jiki ta kayar da shi, kwana goma sha shida ke nan inji yana yi masa numfashi. Shekararsu arba'in da ɗaya da aure. Sau biyu a rana ake barinta ta shiga, minti goma-goma, sauran wunin a lambu take yi. Na ce a wane ɗaki yake? Ta ce ɗakin kulawa ta musamman, gado na uku.

Da na koma na tarar da Lauya ta buɗe littafi a fuska, ba ta juya shafi. Na zauna na ce, me ya sa kika ɓoye mini? Ta sauke littafin daga fuskarta. Ta ce, "In na gaya maka za ka rubuta wa Mama, ita kuma ɗinkinta bai warke ba." Maman Lauya, yarinyar nan ta ji hukuncin ƙafafunta da kunnenta, ta haɗiye, ta juyo ta yi mini murmushi. Ni da ya kamata in tare mata magana, ita ke tare mini.

Ga shi na rubuta. Ki yi kukanki, amma ki ci abinci, don jaririya. Ki bar Inna a kan cewa muna jiran gado, gaskiya ce ai.

Naki har kullum,
Kafinta


Litinin

Maman Lauya,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kuna lafiya ke da jaririya da Inna. Na karanta takardarki. Na roƙe ki kada ki taso. Kwana goma sha shida da yanka ki, hanyar nan kuwa ramuka ce zalla. In ɗinkin ya buɗe a mota, mutum biyu zan nema wa gado.

Ran Asabar an sallami mutum ɗaya daga ɗakin kulawa ta musamman. Da sassafe Nas Doguwa ta zo da saurinta ta ce kada Lauya ta ci komai, yau za a yi. Aka sa mata rigar tiyata, na sa hannu a takardu huɗu, aka kawo gado mai taya aka ajiye a gefenmu. Muka jira. Ƙarfe goma, sha ɗaya. Wajen sha biyu muka ji jiniya. Mota ta faɗi a babban titi, an kawo wani magidanci kansa a fashe, aka wuce da shi gurbin namu. Ba zan ce an yi mana zalunci ba, na ga matarsa, na ga jinin. Amma da aka zo aka janye gado mai tayan nan ba kowa a kai, na ɗaga murya a kan Nas Doguwa, matar da tun da muka zo ba ta yi mana komai ba sai alheri. Na ba ta haƙuri jiya.

Layin biro ya wuce gwiwa. Na daina aunawa.

Jiya fitsari ya ƙwace mata ba ta sani ba, sai da ta gefenta ta yi magana. Na fita baranda aka canja mata zanen gado. Da na dawo ta juya fuska bango. Tun daga lokacin ba ta yi gardama da kowa ba. Ko da mai abinci ta kawo shayi ba sukari, shiru ta yi ta shanye.

Akwai abin da nake so in faɗa miki, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ɗakin kulawar yana da ƙofar gilashi, da benci a gabanta. Ina zuwa in tsaya in ƙirga gadajen. Na san kowane gado ta fuskar masu jiransa: na ɗaya na wasu 'yan'uwa mata ne uku, na biyar na wani mai gemu da ba ya magana da kowa, na uku na Malama. Jiya da yamma ta fito daga ciki fuskarta a sake, ta ce mini, "Malam Kafinta, yau ya matse mini yatsa." Bakina ya ce alhamdu lillahi. Amma a cikina wani abu ya faɗi, na ji faɗuwarsa. Matar da ke raba shayinta da ni, wadda ta bar bencinta ta je ta tsaya mini gaban likita.

Allah shaida ne ban roƙi mutuwar kowa ba. Amma in na ɗaga hannu na ce Allah ya ba mu gado, na san ta ƙofa biyu kaɗai gadon nan yake fitowa, kuma na san waɗanda ke ciki ba masu tashi gobe ba ne. Na rasa yadda zan yi addu'ar. Yau ban je lambu ba, na kasa haɗa ido da ita.

Ke ki yi mana, bakinki ya fi nawa tsabta a yanzu.

Mijinki,
Kafinta


Alhamis, da yamma

Zuwa ga Maman Lauya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kafin komai: an yi aikin jiya, an cire ƙarin, Lauya tana raye, ta farka, ta gane ni. Ki ajiye takardar ki gaya wa Inna, sannan ki dawo ki karanta sauran.

Ran Talata wajen ƙarfe tara ina ba ta shayi da cokali, sai ga Malama ta shigo ɗakin mata. Ba tabarau, ba filas, mayafinta a karkace. Ta yafito ni zuwa baranda. Ta ce, "Malam Kafinta, maigidana ya cika yanzun nan. Ko 'ya'yana ban kira ba. Taso mu je wajen likita kafin gadon ya tafi."

Na ce inna lillahi, na tsaya a inda nake. Ta ce, "Ba lokacin tsayuwa ba ne." Ta wuce gaba, na bi ta kamar yaron da aka kama da laifi. Muka sami babban likita a wani ɗaki yana zagaye da ɗalibai. Ta ratsa su ta tsaya gabansa, ta yi magana da irin muryar da na tabbata da ita take tsayar da aji. Ba abin da na tsinta sai "bed three" da "bed seven". Daga baya na ji cewa labarin ba zai iso masa ba sai wajen azahar, kafin nan kuwa Allah kaɗai ya san wa za a kawo. Ya ciro waya nan take. Malama ba ta gusa ba sai da muka je ta ga an goge sunan mijinta a allo an rubuta na 'yarmu.

A kan matakala na tare ta. Na ce akwai abin da zan gaya mata, in ta ga dama ta yafe, in ba ta ga dama ba ba zan ga laifinta ba. Na faɗa mata abin da na ji ran Lahadi. Ta dube ni ta ce, "Na sani, na gani a fuskarka. Kana tsammani ni da aka kawo shi ban zauna a bencin nan na ƙirga gadajen mutane ba? Wanda ya samu na wata mata ne mai 'ya'ya biyar. Har yau ina tuna kalar zanenta." Sai ta zauna a kan matakalar, a nan ne kukan ya zo mata. Na tsaya a gefe, ban san me zan yi da hannuwana ba, har babban ɗanta ya iso ya ɗaga ta. Ban sami zuwa jana'iza ba, a lokacin ana ɗibar jinin Lauya. Ko unguwarsu ban tambaya ba, sai da suka tafi na tuna.

Jiya ƙarfe takwas aka shiga da ita. Awa shida da rabi ina tsaye a ƙofar ɗakin tiyata, duk wanda ya fito sai in bi fuskarsa da kallo. Da babban likita ya fito, ya cire abin rufe baki ya fara yi mini bayani. Maman Lauya, ko kalma ɗaya ban gane ba. Lauya tana ciki ba ta san inda take ba, Malama ta tafi, Nas Doguwa tana wani gini. Mutumin yana magana, ni ina neman amsar a idonsa, idon kuwa gajiya ce kawai a ciki. Ban san ko taya ni murna yake yi ko ta'aziyya ba. Da ya lura, sai ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, ya yi numfashi mai ƙarfi sau uku, ya nuna ƙofar da take ciki. A nan na zauna a ƙasa.

Sai bayan la'asar Nas Doguwa ta zo ta warware mini. An cire shi duka. Ƙafar hagu ta fara amsawa. Ta dama shiru tukuna, kuma likita ya ce ba zai yi alkawari ba, sai an ga watanni. Wataƙila ta taka da sanda, wataƙila ba sanda, wataƙila ƙafar ta tsaya a haka. Na rubuta miki yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba.

Yau da safe aka ba ni minti gomana. Aka sa mini riga da hula, na shiga. Tana kwance, bututu a hanci, bututu a hannu, ta yi ƙanƙanta a cikin gadon kamar lokacin da take 'yar shekara biyar. Leɓenta ya bushe. Na sunkuya don in ji me take cewa. Ta ce, "Baba, wa ya tashi aka ba ni?"

Tun a bakin ƙofa na shirya amsa, cewa wani ne ya warke aka mayar da shi ɗakin maza. Maganar tana kan harshena. Na kalle ta, na ga irin kallon da take yi in ta riga ta san amsa tana jira ta ga ko za a yi mata ƙarya. Na ce mijin Malama ne, Allah ya yi masa rasuwa, kuma ita da kanta ta zo ta kira ni.

Ta rufe ido. Sai hawaye, sai kuka sosai, irin na ƙananan yara, baki a buɗe, wanda ba ta yi ba tun ranar da ƙafafun suka fara. Injin da ke gefenta ya fara ƙara, nas ta taso, na ce a bar ta. Cikin kukan take cewa, "Ni Mama nake so. Ka kira mini Mama."

Don haka ki zo. Na yi magana da Direba, zai tsaya a ƙofar gida ran Asabar da safe, ya ce zai ba ki gidan gaba ke kaɗai, kuma zai bi ramukan a hankali. Ki sa matashi a kan cikinki. Ki taho da jaririya, yayarta sau biyu kawai ta ɗauke ta. Ƙanena da matarsa su dawo gidan su zauna da Inna. Gobe za a mayar da Lauya ɗakin mata, in kin iso ki hau bene na biyu ki bi hannun dama. Zan jira ki a bakin babbar ƙofa tun hantsi.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mijinki mai jiranki,
Kafinta